Karatu A Amurka: Ta Kwalejin Al'umma Ko Jami'a Kai Tsaye?

Kowace shekara akwai dubban samari da 'yan mata na wannan ƙasa waɗanda suke gama makarantar sakandare da burin ƙetare teku su nemi ilmi a ƙasar Amurka. A shekarar karatu ta 2023 zuwa 2024 an ƙidaya ɗalibai 'yan Nijeriya 20,029 a manyan makarantun can, abin da ya sa Nijeriya ta zama ta farko a Afirka, ta bakwai kuma a duniya wajen yawan ɗalibai a wannan ƙasa. Bayan kowane ɗalibi kuwa akwai gida guda da ya ɗauki nauyinsa. Wani uban ya sayar da fili, wata uwar ta kwashe abin da ta daɗe tana tarawa, wani gidan kuma dangi ne suka yi karo-karo. Saboda haka ya wajaba iyaye su san cewa digirin farko a Amurka yana da ƙofa biyu, su kuma fahimci bambancin da ke tsakaninsu tun kafin su fitar da ko sisin kwabo.

Ƙofa ta farko ita ce wadda kowa ya sani: yaro ya nemi jami'a kai tsaye, ta ɗauke shi a aji ɗaya, ya yi shekara huɗu ya fito da digiri. Ƙofa ta biyu ita ce ya fara shiga wata makaranta da ake kira kwalejin al'umma, ya yi shekara biyu, sa'an nan ya ƙaura zuwa jami'a ya shiga aji uku, ya ƙarasa sauran shekara biyun a can. Takardar digirin da zai karɓa a ƙarshe ta jami'ar ce, iri ɗaya da ta abokinsa wanda ya fara tun daga aji ɗaya. Wanda ya san yadda mai takardar ND ko NCE ko IJMB yake shiga jami'a a aji biyu ta hannun hukumar JAMB a nan gida ya riga ya gane ginshiƙin al'amarin, ko da yake akwai bambanci mai girma da za a zo kansa a gaba.

Asalin Kwalejin Al'umma

Ba sabon abu ba ne. A shekarar 1901 aka buɗe ta farko mallakar hukuma a garin Joliet ta Jihar Illinois, da ɗalibai shida kacal. Shugaban Jami'ar Chicago na wancan zamani, William Rainey Harper, yana ganin darussan shekara biyun farko na jami'a ci gaban sakandare ne kawai, don haka babu dalilin da zai sa a tilasta wa yaro ya bar garinsu domin su. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, a shekarar 1947, wani kwamiti da Shugaba Truman ya naɗa ya ba da shawarar a yawaita irin waɗannan makarantu yadda kowane ɗan ƙasa zai sami ɗaya kusa da gidansa, kuma rahoton wannan kwamiti ne ya yaɗa sunan da ake kiransu da shi har yau. Jihar Kaliforniya ta ɗauki abin da muhimmanci fiye da kowa. A tsarin da ta yi a 1960 ta raba manyan makarantunta gida uku: Jami'ar Kaliforniya ta ɗauki kashi ɗaya bisa takwas mafi ƙwazo na waɗanda suka gama sakandare, kwalejojin jiha su ɗauki kashi ɗaya bisa uku, kwalejojin al'umma kuwa su buɗe ƙofa ga kowa, tare da alkawarin cewa wanda ya yi ƙoƙari a ƙasa zai sami hanyar hawa sama.

Alkawarin bai tashi a banza ba. Wajen rabin waɗanda suke samun digiri a Jami'ar Jihar Kaliforniya daga kwalejin al'umma suka fara. Eileen Collins, mace ta farko da ta shugabanci kumbon Amurka zuwa sararin samaniya a 1999, a kwalejin al'umma ta garin Corning ta soma karatu kafin ta wuce Jami'ar Syracuse. Don haka iyayen da ke ganin kwalejin al'umma makarantar waɗanda suka gaza ce, su sake tunani.

Lissafin Kuɗi

Babban abin da ke jan mutane zuwa kwalejin al'umma shi ne araha. Bisa ƙididdigar da hukumar College Board ta fitar ta shekarar karatu ta 2024 zuwa 2025, matsakaicin kuɗin koyarwa na shekara guda a kwalejin al'umma ga ɗan yankin dala 4,050 ne. A jami'ar gwamnati ɗan jiha yana biyan dala 11,610, wanda ba ɗan jihar ba dala 30,780, a jami'a mai zaman kanta kuwa dala 43,350. Ban da abinci da wurin kwana da littattafai da inshorar lafiya ke nan.

A nan ne iyaye da yawa suke ruɗuwa, ko kuma dillalan neman makaranta su ruɗe su da gangan. Wannan dala 4,050 ba ta shafi ɗan Nijeriya da ya zo da bizar karatu ba. Farashin ɗan gari ne, wanda iyayensa suke biyan haraji a wurin. Baƙo yana biyan ninki biyu ko uku na wannan, kuma ba shi da haƙƙin tallafin da gwamnatin tarayyar Amurka take bai wa 'ya'yan talakawanta. Duk da haka akwai rangwame na gaske. A ɗauka, don misali kawai, wata kwaleji tana karɓar dala 10,000 a shekara daga baƙo. Shekara biyu a can da shekara biyu a jami'ar gwamnati sun kama dala 81,560. Shekara huɗu a jami'ar kai tsaye kuwa dala 123,120 ne. An sami rarar dala 41,560. Ga wanda yake sayen dala da naira, musamman tun da darajar naira ta faɗi daga wajen 460 a kan dala guda a farkon 2023 zuwa fiye da 1,500 a cikin 2024, wannan ba ƙaramar dukiya ba ce.

To, amma a duba abin da shekara guda ta ƙari za ta yi wa wannan lissafi. Idan yaro ya isa jami'a aka ce darussan da ya kawo ba su cika ba, sai ya ƙara shekara, zai biya wata dala 30,780, ga kuma fiye da dala 13,000 na abinci da masauki. Rarar da aka yi ta murna da ita ta tafi duka, har da ciko. Saboda haka tambayar da ta kamata uba ya yi ita ce: nawa ne kuɗin digirin gaba ɗaya, daga ranar shiga zuwa ranar fita? Kuɗin shekarar farko kaɗai ba ya nuna gaskiyar ciniki.

Inda Hanyar Take Yoyo

Ana auna karatu a Amurka da abin da ɗaliban jami'o'in nan gida suka sani da suna yunit. Digirin farko yana bukatar wajen yunit 120, ƙaramin digirin da kwalejin al'umma take bayarwa kuma wajen yunit 60. A takarda abin ya yi daidai: 60 a nan, 60 a can. Matsalar ita ce babu wata hukuma ɗaya kamar JAMB ko NUC da za ta tilasta wa dukkan jami'o'in Amurka su karɓi darussan juna. Kowace jami'a sarauniyar kanta ce, wani lokaci ma kowane sashe a cikinta yana da nasa hukunci.

Ofishin binciken kuɗi na majalisar dokokin Amurka, wanda ake kira GAO, ya fitar da rahoto a 2017 a kan ɗaliban da suka sauya makaranta tsakanin 2004 da 2009. Ya gano cewa a matsakaici sun yi asarar kashi 43 daga cikin 100 na darussan da suka riga suka ci, suka kuma biya kuɗinsu. Waɗanda suka tashi daga kwalejin al'umma ta gwamnati zuwa jami'ar gwamnati asararsu ta fi sauƙi, wajen kashi 22. Waɗanda suka fito daga makarantun 'yan kasuwa masu neman riba suka nufi na gwamnati kuwa, kusan komai nasu ya salwanta, sama da kashi 90.

Akwai kuma wata asara da ba ta fitowa a ƙididdiga. Jami'a tana iya cewa ta karɓi darasin lissafin da yaro ya yi, amma ta ajiye shi cikin darussan ganin dama, ta ce bai cika sharaɗin sashen injiniya ba. Yunit ɗin yana nan a takarda, sai dai bai matsar da shi kusa da digiri ko taki ɗaya ba. Wannan ya fi damun masu neman injiniya da kimiyya da aikin jinya, domin darussansu jere suke kamar matakalar bene: wanda bai yi na ɗaya ba ba a barinsa ya zauna na biyu, wani darasin kuma sau ɗaya tak ake koyar da shi a shekara. Darasi guda da aka tsallake yana iya jawo jinkirin zango biyu. Har ila yau, darussan share fage da kwaleji take sa wa wanda Turancinsa ko lissafinsa ya yi rauni ana biyan kuɗinsu, amma ba a ƙirga su cikin yunit ɗin digiri. Darasin da aka ci da ƙasa da matakin C ma jami'o'i da yawa ba sa karɓarsa.

Sakamakon duk wannan ba mai daɗin ji ba ne, amma gara a faɗe shi. Binciken cibiyar nazarin kwalejojin al'umma ta Jami'ar Columbia ya nuna cewa wajen kashi 80 daga cikin 100 na masu shiga waɗannan kwalejoji suna da niyyar samun cikakken digiri. Wajen kashi ɗaya bisa uku ne kawai suke tsallakawa jami'a, kuma waɗanda suke riƙe da digiri bayan shekara shida ba su wuce kashi 16 ba. Sai dai a yi wa wannan adadi adalci. Da yawa daga cikin waɗannan ɗalibai magidanta ne da ke aiki da rana suna karatu da dare, darasi ɗaya ko biyu a zango. Ɗalibin da ya zo da biza dole ne ya ɗauki aƙalla yunit 12 kowane zango, kuma ba shi da wani aiki sai karatu, don haka halinsa dabam ne. Abin da adadin ke nunawa shi ne hanyar ba ta kai mutum da kanta. Sai ya san inda za shi.

A Fara Daga Ƙarshe

Maganin yoyon nan sananne ne, kuma ba ya cin kuɗi. Ɗalibi ya fara zaɓen jami'ar da yake so ya gama a cikinta da fannin da zai karanta, sa'an nan ya nemi kwalejin da take da rubutacciyar yarjejeniya da wannan jami'a, ya ɗauki darussan da yarjejeniyar ta lissafa tun daga zangon farko. Tun ran gini tun ran zane. Mafi yawan masu wahala su ne waɗanda suka shiga kwaleji don dillali ya samo musu ita da sauri, sai a shekara ta biyu suka fara tunanin jami'a.

Jihohi sun bambanta ƙwarai a nan. Florida tun 1971 take da yarjejeniyar da ta bai wa wanda ya gama ƙaramin digirin share fagen jami'a a kwalejojinta tabbacin gurbi a ɗaya daga cikin jami'o'in jihar, kuma darussa a makarantunta na gwamnati lamba ɗaya suke ɗauke da ita, don kada a yi gardama. Kaliforniya ta yi doka a 2010 ta ƙirƙiro ƙaramin digiri na musamman domin shiga Jami'ar Jihar Kaliforniya, tana kuma da shafin intanet mai suna ASSIST inda kowa zai duba ko wane darasi na wace kwaleji ne ya yi daidai da na wace jami'a. Rassa shida na Jami'ar Kaliforniya, watau Davis, Irvine, Merced, Riverside, Santa Barbara da Santa Cruz, suna ba da tabbacin ɗauka ga ɗalibin kwalejojin jihar da ya cika sharuɗɗansu. Berkeley da Los Angeles da San Diego ba sa cikin wannan alkawari. Gasa ake yi. Mafi ƙarancin matsakaicin makin da jami'ar take duba takardar wanda ba ɗan jiha ba da shi 2.8 ne a kan 4, ɗan jiha kuwa 2.4, amma mafi ƙaranci ba ya sa a ɗauki mutum a sashen da ake rububinsa.

A kula da kalmar tabbaci. Tabbacin shiga ɗaya daga cikin jami'o'in jiha ba tabbacin shiga wadda yaro yake so ba ne, tabbacin shiga jami'a kuma ba tabbacin shiga sashen injiniya ko kwamfuta ba ne. Yarjejeniyar jiha kuma a bakin iyakar jihar take tsayawa. Wanda ya yi kwaleji a Texas ya nufi jami'a a New York ya fita daga inuwarta, sai abin da sabuwar jami'ar ta ga damar karɓa.

Wanda Ya Kamata Ya Nemi Jami'a Kai Tsaye

Akwai ɗalibin da kwalejin al'umma za ta cuce shi, kuma abin mamaki shi ne sau da yawa ɗan talaka ne. Ana nufin yaro mai ƙwazo na fitar hankali, wanda ya kwashe A a jarrabawar WAEC, ya kuma yi fice a jarrabawar SAT, amma iyayensa ba su da ko kuɗin jirgi. Wasu manyan jami'o'i masu dukiya, irin su Harvard da Yale da Princeton da MIT da Amherst, ba sa duban aljihun mai nema ko da baƙo ne, kuma idan suka ɗauke shi sukan biya masa duk abin da gidansu ba zai iya ba. Ga irin wannan yaro, jami'ar da farashinta ya fi kowa tsada a takarda ita ce mafi araha a aikace. Samun shiga yana da matuƙar wuya, gaskiya ne, amma ƙofar aji ɗaya ta fi ta ƙaura faɗi nesa ba kusa ba. Princeton ta yi shekara da shekaru ba ta karɓar masu ƙaura sam, sai a 2018 ta sake buɗe ƙofar ga 'yan tsirari. A sauran jami'o'i ma, mafi tsoka daga cikin tallafin karatu ana ware shi ne ga masu shiga aji ɗaya.

Wani abin lura kuma: jami'o'i da dama suna ɗaukar duk wanda ya yi rajista a wata babbar makaranta bayan sakandare a matsayin mai ƙaura, ko da zango ɗaya ya yi. Watau shiga kwalejin al'umma yana iya rufe ƙofar aji ɗaya da tallafinta har abada. Saboda haka yaro mai ƙwazo ya fara jarraba sa'arsa a jami'o'i tukuna, ya ga abin da za su ba shi a rubuce, kafin ya karɓi gurbin kwaleji. Kwalejojin al'umma suna ɗaukar ɗalibai a makare, wasu ma kowane zango, don haka jira ba zai hana shi komai ba.

Sa'an nan akwai batun zama. Akasarin kwalejojin al'umma ba su da ɗakunan kwanan ɗalibai. Yaro ɗan shekara 17 ko 18 da bai taɓa barin gida ba zai nemi haya da kansa, ya dafa abincinsa, ya yi fama da zirga-zirga a garin da wataƙila motar haya ba ta wadata ba. Idan akwai kawu ko gwaggo a garin da zai zauna a hannunsu, wannan kaɗai yana iya karkatar da ma'auni zuwa kwaleji, domin kuɗin masauki yakan yi daidai da kuɗin koyarwa ko ya fi shi. Idan babu kowa, iyaye su auna hankalin ɗansu da kyau. A gefe guda kuwa, azuzuwan kwaleji ƙanana ne, malami yakan san ɗalibi da sunansa, sabanin zauren jami'a inda mutum ɗaruruwa suke sauraron darasi ɗaya. Yaron da sakamakonsa na sakandare matsakaici ne yana samun damar gina sabon suna, domin a lokacin ƙaura makin kwaleji ake dubawa fiye da na sakandare.

Biza Da Dawowa Gida

Ko ta wace ƙofa, makaranta ce take aiko da takardar I-20, kuma ba ta aikowa sai an nuna mata shaidar kuɗin shekara guda cif. Mai bizar karatu ba a yarda ya yi aiki fiye da awa 20 a mako ba lokacin karatu, kuma a cikin makaranta kawai. Duk dillalin da ya ce yaro zai biya kuɗin makarantarsa da aikin da zai samu a gari, yana tura shi ne ga karya doka. A shekarar 2025 gwamnatin Amurka ta tsaurara ƙa'idojin biza ga 'yan Nijeriya har sau biyu: a watan Yuli ta rage wa'adin akasarin bizar da ba ta zama ba zuwa wata uku da shiga sau ɗaya, a watan Disamba kuma ta sanya Nijeriya cikin ƙasashen da ta taƙaita wa sababbin biza, har da ta ɗalibai. Don haka kada a biya wa kowace makaranta kuɗin ajiya sai an tabbatar da halin da ake ciki daga ofishin jakadancin Amurka da ke Abuja ko ƙaramin ofishinsa da ke Legas. Bayanan da ke cikin wannan takarda sun shafi waɗanda suka riga suka isa can, da 'ya'yan 'yan Nijeriya mazauna Amurka, waɗanda su farashin ɗan gari da tallafin gwamnati suna iya hawa kansu idan suna da takardun zama.

Masu son likitanci ko lauya su sani cewa a Amurka ba a fara waɗannan daga sakandare. Sai an gama digirin farko ake neman makarantarsu, kuma wanda ya dawo da su sai ya bi ta jarrabawar hukumar likitoci ko Makarantar Horar da Lauyoyi kafin ya yi aiki a nan.

Ƙaramin digirin kwalejin al'umma shi kaɗai ba digirin farko ba ne. Wanda ya tsaya a kansa ya dawo gida ba zai shiga aikin yi wa ƙasa hidima da shi ba, domin hukumar NYSC masu digiri da HND take kira, wanda kuma ya haura shekara 30 kafin ya gama takardar ɗauke nauyi ake ba shi. Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya ce take tantance takardun da aka samo daga waje, kuma tana duba ko makarantar da ta bayar da su tana da amincewar hukuma a ƙasarta. Saboda haka ɗalibi ya adana takardar sakamakon darussa ta kwaleji da ta jami'a duka biyun, da takardun ɗauka, da fasfo ɗin da ya yi tafiya da shi, domin ana iya neman kowannensu a ranar tantancewa.